CIWON HANJI MAI DAƊEWA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU NA ANKA DA GUMMI DA BUKKUYUM

1. Dalilin wannan takarda

Zawo iri biyu ne. Akwai na farat ɗaya, wanda ya ke kama mutum yau, cikin 'yan kwanaki ya sake shi. Shi ne kowa ya sani, kuma mafi muninsa shi ne amai da gudawa irin wanda ya game jihohin Arewa, har da Zamfara, cikin 2021. Akwai kuma wanda ya ke zaune wa mutum wata da watanni, da murɗar ciki, da rama, ya lafa ya dawo, ya lafa ya dawo. A kan na biyun nan za mu yi magana.

Mai irin wannan ciwo ba ya tayar da hankalin gari, don ba annoba ba ce, shi kaɗai ke fama a ɗaka. Wani ya ce basir ne, wani ya ce shawara ce, wani ya ce sammu ne. A sha wannan jiƙo, a sayi waccan ƙwaya ran kasuwa, har a sayar da akuya, a sayar da ɗan hatsin da aka ajiye, ciwo kuwa yana nan. Kafin a yi tunanin asibiti mutum ya zama ƙashi da fata.

To, abin da mu ke so hakimai da malamansu su riƙe shi ne wannan. Zawo ko ciwon cikin da ya wuce mako 4 bai tafi ba, ba cuta ɗaya ba ce. Cututtuka da dama ne masu kama da juna, kowace da maganinta, maganin wata kuwa ya kan zama guba ga mai wata. Sabo da haka sai an san sunan ciwo tukuna a ke ba da magani. Cikin cututtukan nan akwai ɗaya wadda mutanenmu ba su saba jin sunanta ba, watau ciwon Crohn, ana faɗinsa Kuron.

2. Yadda ciwon Kuron ya ke

An raɗa wa ciwon sunan wani likita ne, Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu, Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer, suka bayyana shi cikin 1932 a asibitin Mount Sinai na birnin New York a Amurka, bayan sun duba majinyata 14. Ya fi yawa a ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa. A ƙasarmu ba shi da yawa, amma akwai shi, likitocin manyan asibitocinmu sun sha ba da labarin samunsa.

Hanjin ɗan Adam kashi biyu ne. Ƙaramin hanji, tsawonsa wajen ƙafa 20, shi ke tsotse amfanin abinci ya zuba cikin jini. Babban hanji, wajen ƙafa 5, shi ke tsotse ruwa ya tara sauran ya fitar. Ciwon Kuron ya kan kama ko'ina tun daga baki har dubura, amma ya fi son ƙarshen ƙaramin hanji, inda ya haɗu da babba, watau ƙasan ciki ta hannun dama.

Allah ya yi wa jiki garkuwa mai yaƙar ƙwayoyin cuta. Ga mai ciwon Kuron garkuwar nan ce ta ke wuce gona da iri, ta juya kan hanjin mai ita. Sai bangon hanji ya kumbura, ya yi gyambo, nan ciwo, can lafiya, can gaba kuma ciwo. In gyambo ya warke ya kan bar tabo, tabon ya tsuke hanya har abinci ya riƙa wucewa da ƙyar. Wani lokaci gyambon ya kan huda bango ya yi wata ɓarauniyar hanya zuwa fata ko mafitsara, ko ya fito gefen dubura kamar maruru yana yoyon mugunya. Wannan ne ya sa a kan ɗauke shi basir ne.

Ya fi soma kama mutum tsakanin shekara 15 da 35, maza da mata. Ya kan bi dangi. Shan taba yana ƙara haɗarin kamuwa da shi, yana kuma ƙara masa ƙarfi. Alamunsa su ne zawo mai daɗewa, wani sa'i da jini ko majina, murɗar ciki bayan cin abinci, rama, kasala, ƙarancin jini, zazzaɓi sama-sama, da gyambon baki. Waɗansu har da ciwon gaɓoɓi da jan ido. Yaro kuwa sai a ga ya daina girma, tsararsa sun bar shi a baya.

Abu uku ya kamata a sani. Na ɗaya, ba a ɗaukarsa wurin mai shi, ko an ci a ƙwarya ɗaya, ko an kwana ɗaki ɗaya. Na biyu, ba ya barin jiki ɗungum, amma ana kwantar da shi, ya yi shekaru a kwance. Na uku, ba ya hana mutum zama mutum. Shugaban Amurka Dwight Eisenhower an yi masa aiki a hanji sabo da wannan ciwo cikin watan Yuni 1956, aka sake zaɓensa cikin Nuwamba na shekarar, ya gama mulkinsa, ya rayu har 1969.

3. Kama da wane ba wane ba ne

A ƙasarmu in an ga alamun da aka zana a bisa, ciwon Kuron ba shi ne farkon abin zato ba. Ga waɗanda suka fi shi yawa.

Tarin fuka na hanji. Mutane sun ɗauka tarin fuka huhu kaɗai ya ke kamawa. Ba haka ba ne. Ya kan sauka hanji, ya zauna daidai wurin da Kuron ya ke so, da alamu iri ɗaya, har likita ma sai ya yi da gaske ya ke rarrabe su. Ana samunsa ta haɗiye majinar tari, ana kuma samunsa ta shan madarar saniya mai ciwon in ba a tafasa ba. Shi yana warkewa sarai da maganin wata 6, maganin kuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Atuni. Zawo ne da jini da majina, daga ƙazantaccen ruwa ko abincin da ƙuda ya sauka a kai. Wani irinsa ya kan daɗe yana tafiya yana dawowa. Awon bayan gida ke nuna shi, maganinsa na 'yan kwanaki ne.

Tsargiya ta hanji. Tsargiya iri biyu ce, mai sa fitsarin jini da mai kama hanji da hanta. Masunta da manoman shinkafa da yara masu wanka a Gulbin Zamfara da fadamunsa da tafkuna su ne ta fi samu.

Gubar dalma. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su bukatar a gaya musu ita. Cikin watan Maris 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano ita ce ke kashe yara a ƙauyukan da a ke niƙa dutsen zinariya a cikin gida, irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yar Galma da Tungar Guru. Yara fiye da 400 suka rasu. Bagega sai cikin 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Dalma tana sa babba murɗar ciki mai tsanani da ƙarancin jini, amma ita ta fi zuwa da taurin bayan gida, ba zawo ba. Awon jini ke nuna ta. Duk wanda ya ke haƙo ko niƙa ko wankin dutse, ko ya ke zaune kusa da masu yi, ya faɗa wa likita tun bai tambaya ba.

Ban da waɗannan akwai ƙanjamau, wanda awonsa na 'yan mintoci ne, da ciwon daji na hanji, wanda ya fi kama waɗanda suka manyanta. Ba mai iya rarrabe cututtukan nan da ido, ko hakimi, ko mai magani, ko mai kanti.

4. Awo a asibiti

Matakin farko shi ne babban asibitin Anka ko na Gummi ko na Bukkuyum. A nan za a auna bayan gida da jini, a nemi tarin fuka da ƙanjamau. Yawancin majinyata a nan maganarsu za ta ƙare, su sami magani su koma gida.

Wanda aka yi wa wannan duka bai sami sauƙi ba, sai likita ya ba shi takarda zuwa Gusau, Asibitin Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko zuwa asibitin koyarwa, kamar na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko na Aminu Kano. Babban awon ciwon Kuron shi ne a zura wani siririn bututu mai fitila da ido a bakinsa ta dubura, likita ya ga cikin hanji, ya tsinko ɗan nama kamar ƙwayar gero a duba da madubin likita. Mutane su kan ji kunyar wannan awo. A gaya musu ba yanka ba ne, kuma yawanci a ranar a ke sallamar mutum.

In an yi awo ana shakka tsakanin Kuron da tarin fuka, likitoci su kan fara da maganin tarin fuka, bayan wata 2 ko 3 su sake dubawa. Kada majinyaci ya zaci ɓata masa lokaci a ke yi. Dalilin yana cikin sashe na gaba.

5. Magani

Tun da ya ke garkuwar jiki ce ta yi yawa, maganin Kuron rage mata ƙarfi ya ke yi. To, a duba, mutumin da tarin fuka ke ci a hanji, in aka rage masa garkuwa, an buɗe wa ɓarawo ƙofa ke nan. Ciwon sai ya bazu cikin jiki, har ya yi kisa. Wannan shi ne babban haɗarin shan magani ba da awo ba.

Magani kashi uku ne. Na farko, mai kashe wutar ciwo in ya tashi, kamar prednisolone. Yana aiki da sauri, amma na 'yan makonni ne, ana rage shi kaɗan-kaɗan, ba a yanke shi rana ɗaya. In an daɗe ana sha ya kan kumbura fuska, ya kawo ciwon sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi. Ƙwayoyin sa ƙiba da a ke kira sha-ka-fashe da yawansu danginsa ne. Ramamme ya kan saye su don ya ciko, fuska ta yi ɓul-ɓul, alhali ciwo na cinsa ta ciki.

Na biyu, mai riƙe ciwo a kwance, kamar azathioprine da methotrexate. Su kan ɗauki wata 2 ko 3 kafin a ga amfaninsu, ana shekaru ana shansu, ana kuma auna jini lokaci-lokaci. Methotrexate sau ɗaya a mako a ke shansa, ba kullum ba, ba a kuma ba mai ciki ko mai neman ciki. Akwai kuma sababbin allurai masu ƙarfi, kamar infliximab wanda aka soma yi wa masu Kuron a Amurka cikin 1998. Suna da tsada ƙwarai, ba a fara su sai an tabbata babu tarin fuka.

Na uku, aikin likita. In hanji ya tsuke, ko ya huje, ko ya tara mugunya, sai a yanke wurin da ya lalace a haɗa sauran. Da yawa cikin masu Kuron su kan kai ga wannan. Aiki yana kawo sauƙi babba, amma ba ya raba mutum da ciwon, sai a ci gaba da zuwa wurin likita.

Mai Kuron ya guji ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda manoma da masu haƙo ke sha bayan aiki, don suna tayar da ciwon. Farasitamol ya wadatar. Ya guji jiƙon wankin ciki da kanwa mai yawa. Taba kuwa, barinta magani ne wanda ba a biyan ko kwabo.

6. Abinci

Abinci ba shi ke kawo Kuron ba, ba shi kuma ke warkar da shi. Amma shi ke riƙe mutum har magani ya yi aiki. Babban kuskure shi ne yawan hani. Wannan ya hana nama, wancan ya hana mai, wata ta hana nono, har a bar majinyaci da ruwan koko tsararo, yunwa ta gama abin da ciwo ya fara.

Sa'ad da ciwo ya tashi, a ba shi abinci mai laushi, kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini. Kunun gero ko na shinkafa wanda aka tace sosai, tuwon shinkafa da miyar kuka ko kuɓewa ba yaji, faten dankali, kabewa, ayaba, gwanda, dafaffen ƙwai, kifi, romon kaza da naman da ya dahu luguf. A dakata da barkono, da soye-soye, da kilishi, da lemon kwalba. Madara in tana ƙara zawo a gwada kindirmo, ya fi sauƙi ga ciki. Kowace madara kuwa sai an tafasa ta. Ruwan sha ma a tafasa.

Ruwan da zawo ya fitar dole a mayar da shi. A narka ƙullin gishiri da sukari na asibiti cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, kada a yi tozo.

Wanda likita ya ce hanjinsa ya tsuke, ya kiyayi duk abin da ke da zare ko ƙwalo ko ɓawo mai tauri: aya, gyaɗa, goriba, rake, gasasshiyar masara, gugguru, mangwaro mai zare, kwaɗon rama, da wake da ɓawonsa. Irin waɗannan su kan tsaya a matsatsi su toshe hanya.

In ciwo ya kwanta, sai a mayar da abinci ɗaya bayan ɗaya, a bar kwana 2 ko 3 tsakani, a ga wanda ciki ya karɓa. Babu jerin hani guda wanda ya dace da kowa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Nufi shi ne mutum ya koma cin yawancin abin da gidansu ke ci, da ganye da 'ya'yan itace. Hanta da nama da kifi da zogale dafaffe suna gyara jini. Wanda aka yanke wa ƙarshen ƙaramin hanji ya kan bukaci allurar bitamin B12, don a wurin ne jiki ke tsotse shi.

Ga yara akwai wata hanya. Likita ya kan ɗora yaro kan wani abincin ruwa na musamman, shi kaɗai, mako 6 zuwa 8, ya kwantar da ciwon ba da prednisolone ba. Wannan na asibiti ne, kunu ba ya maye gurbinsa.

Game da azumi, wanda ciwonsa ke kwance ya shawarci likitansa tun watan Sha'aban. Wanda ciwonsa ya tashi, malamai sun san rangwamen da aka yi wa majinyaci.

7. Alamun da ba a kwana da su

In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a ɗauki majinyaci zuwa asibiti nan take:

(a) Ciki ya kumbura, ga amai kore, ba bayan gida ba tusa.
(b) Ciki ya yi tauri kamar allo, ga zazzaɓi mai zafi.
(c) Jini mai yawa ta dubura, ko jiri da suma.
(d) Ido ya faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke.
(e) Zazzaɓi ko tari ga wanda ke shan maganin rage garkuwa.

8. Aikin hakimai da malamai

Hakimi ba likita ba ne, amma maganarsa ta kan isa inda ta likita ba ta isa ba. Ga abin da a ke roƙo.

1. A umarci dagatai da masu unguwa su kawo labarin duk wanda ya wuce mako 4 yana zawo ko ciwon ciki yana ramewa, a sa danginsa su kai shi asibiti.

2. Malamin hakimi ya taimaki wanda bai iya rubutu ba, ya buɗe masa ɗan littafi. A rubuta ranar da ciwo ya fara, sau nawa ya ke fita a yini, ko da jini, abin da ya ci, sana'arsa, da sunan kowane magani da ya sha. A tafi da littafin da kwalayen maganin wurin likita. Shafi guda irin wannan ya kan rage wa likita aikin wata. Abin da malami ya rubuta amana ce, ba zancen dandali ba ne.

3. A ja kunnen masu kantin magani da masu tallarsa a kasuwanni kada su sayar da prednisolone da danginsa sai da takardar likita.

4. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki na rashin tsaro, ga kuma damina. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai shan magani kullum ya karɓo wani tun na hannunsa bai ƙare ba, ya riƙe lambar wayar asibitinsa, a kuma san motar da za ta ɗauke shi in ta ɓaci.

5. Jinya ce mai tsawo, ta kan fi ƙarfin gida ɗaya. Hakimi ya haɗa dangi da masu hali, ya kuma rubuta wa Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jiha a kan wanda ba shi da ƙarfi.

6. A hana tsangwama. Kada a saki mace, ko a fasa aure, ko a cire yaro daga makaranta sabo da wannan ciwo. Mace mai Kuron tana haihuwa lafiya, musamman in ta ɗauki ciki sa'ad da ciwon ke kwance. A roƙi malaman makaranta su bar yaro ya fita bayan gida duk sa'ad da ya nema. Kada kuma a bari a zargi kishiya ko maƙwabci da sammu a kan ciwon da madubin likita ke iya nunawa.

7. A ci gaba da matsa wa jama'a kan gina masai, da gyaran bakin rijiya, da tafasa madara, da fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Waɗannan ba su hana Kuron, amma suna rage cututtukan da ke kama da shi, waɗanda su ne suka fi cin mutanenmu.

Ana roƙon kowane hakimi ya sa a karanta wannan takarda a gaban dagatansa ran da suka taru, a kuma ajiye ta a ofis inda malami zai iya dubawa. Wanda ya ke da tambaya ya aika wa likitan babban asibitin da ke kusa da shi. Lafiya uwar jiki. Allah ya ba majinyatanmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.